Amanar Tarbiyya: Ƴaƴanmu a Makarantun Mishan na Birnin Yamai

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki, muna gode maSa bisa ni'imar Musulunci, muna neman tsarinSa daga sharrin kawunanmu da munanan ayyukanmu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.



Damina ta ja jiki, watan Oktoba ya kama, yara sun koma lakwal. Duk wanda ya yi sammako ya ratsa ta ƙofar makarantun mishan na birnin nan, zai ga motoci da babura sun yi jerin gwano, ga iyaye maza da hula da carbi, ga iyaye mata da hijabi, kowa yana sauke ɗansa yana gyara masa jaka. In ka saurari sunayen da ake kira, sai ka ji Abdullahi da Amadu da Hadiza da Ramatu. Abu ne da kowa ke gani da idonsa, amma ba a cika taɓa shi a kan mumbari ba, in kuwa an taɓa, sai a yanke hukunci da kalma guda cikin fushi a wuce, a bar uba da ruɗaninsa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani bawan Allah da ya tsayar da mu bara, bayan sallar Isha'i, fuskarsa ba walwala. Ya ce yana da ɗiya ƴar shekara takwas a wata makaranta ta Kirista. Wata rana tana wanke kwanoni a tsakar gida, sai ya ji tana rera wata waƙa da Faransanci mai daɗin murya. Da ya kasa kunne sosai, sai ya ji waƙar tana kiran Annabi Isa (A.S.) ɗan Allah kuma mai ceto. Ya tambaye ta, ta ce a lakwal ake koya musu domin wasan kwaikwayon da za a yi kafin hutun Kirsimeti. Ya ce ta karanta masa Suratul Ikhlasi, ta karanta tiryan-tiryan ba gargada. Ya ce to, mene ne ma'anarta? Yarinya ta yi shiru. Ya ce waƙar fa? Sai ta fassara masa ita kalma bayan kalma. Ya ce da mu: "Malam, daren nan ban runtsa ba."

Ku dubi lamarin da kyau, ƴan'uwa. Yarinyar nan ta haddace gaskiya ba ta san me take faɗi ba, ta kuma fahimci abin da ya saɓa wa aƙidarta ciki da waje. Masu makarantar sun koyar da nasu da ma'ana, da murya, da wasa. Mu kuwa mun koyar da namu da hadda kurum. Tambayar da ke gabanmu ita ce, a cikin biyun nan wanne zai daɗe a zuciyar yaro?

Makarantun nan ba jiya suka sauka ba. Ƴan mishan na ƙungiyar S.I.M. sun zauna Damagaram a 1924, daga baya suka kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Cocin Katolika kuwa ta kafa mishan ɗinta a nan Yamai a 1931, shekaru kaɗan bayan Turawan Faransa sun ɗauke babban birni daga Damagaram sun maido shi nan a 1926. Daga wannan tushe aka sami Mishan ta maza da Mishan ta mata, da lakwal Kanada, da Kwalejin Mariyama wadda mata masu hidimar coci ƴan ƙasar Kanada suka kafa a farkon shekarun 1960, asalinta domin ƴan mata. A 1986 S.I.M. ta buɗe Sahel Academy, makaranta mai koyarwa da Ingilishi, da farko domin ƴaƴan ma'aikatan mishan. Lokacin da kogi ya yi ambaliya a 2012 ya shanye harabarta, ba su rufe ba, sai suka nemi wani wuri suka ci gaba da karatu. Mu riƙe wannan, domin akwai darasi a ciki game da muhimmancin da mutanen nan suka bai wa aikinsu.

A namu ɓangaren, madarasar farko ta gwamnati mai haɗa Larabci da Faransanci an buɗe ta a Sayi a 1957. Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka yanke shawarar kafa ta a taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974, ba ta karɓi ɗalibai ba sai a 1986. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen ƙasar nan. Subhanallah! Jama'ar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ita ce ke riƙe da makarantun da masu rinjaye ke rububin samun wuri a cikinsu.

Kada mu yi gaggawar zargin uban da ya kai ɗansa can, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya rayu a shekarun 1990 ya tuna yajin aikin malamai da na ɗalibai, da albashin da ake bin gwamnati wata da watanni, da farar shekara wadda yaro zai yi ta tafiya lakwal ya ƙare ba a ƙidaya masa komai ba, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 wadda ta sa littafi da alli suka yi tsada. Bayan haka aka shiga zamanin ajujuwan zana da ajin da ya cika ya batse. Ba mu manta da gobarar watan Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ba, inda yara ƙanana kimanin 20 suka rasu a cikin ajujuwan zana. Allah Ya jiƙan su, Ya sa su ceci iyayensu. Uban da ya ga wannan, ya kuma ga wata makaranta mai gini da ƙofa, inda ake shiga aji kan lokaci, malami ba ya fashi, ana duba littafin yaro, ana kiran uba in ɗansa ya yi sakaci, ana cin birbe da bak, to ba abin mamaki ba ne in zuciyarsa ta karkata.

Allah (S.W.T.) Ya umarce mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, da tsayar da adalci ko a kan mutanen da muke da saɓani da su. Saboda haka muna shaida cewa makarantun nan sun iya tsari, sun iya tsabta, sun iya riƙon alkawarin lokaci, kuma likitoci da malamai da manyan ma'aikata da yawa a ƙasar nan, maza da mata, Musulmi masu salla da azumi, a can suka yi karatu ba su bar addininsu ba. Wanda ya ce duk yaron da ya shiga can ya kafirta, ya yi ƙarya, ya kuma zalunci bayin Allah.

Amma adalcin nan dai shi ne ya wajabta mana faɗin ɗaya rabin maganar. Makarantar Kirista ba ta ɓoye sunanta ba. Waɗanda suka gina ta sun gina ta ne saboda addininsu, kamar yadda mu ma in mun gina tamu saboda addininmu ne. Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba. A galibin makarantun Katolika na ƙasashe irin tamu, abin da aka saba shi ne darasin katikisim na ƴaƴan Kirista ne, sauran yara kuwa tsarin karatun gwamnati suke bi tare da darasin ladabi da kyawawan halaye. Makarantun ƴan bishara kuwa, galibinsu suna sanya darasin littafinsu a cikin jadawali, kowane ɗalibi ya zauna, ana yin jarrabawa a kansa, ana taron addu'a da waƙoƙi, kuma suna rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardar ƙa'idojin da uba ke sa wa hannu. Ubanni nawa ne daga cikinmu suka karanta takardar nan kafin su sa hannu? Mukan duba adadin jakunkunan da za mu biya, mu ninke sauran mu sa aljihu.

Haɗarin darasin nan ga ƙaramin yaro yana cikin kusancinsa da abin da ya sani. Da za a ce masa ga wani gunki ka yi masa sujada, da ya gudu. Amma sunayen da zai ji su ne waɗanda yake ji a gida: Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa, Dawuda, Maryamu, Isa. Kunnensa ba zai yi ƙyama ba, zuciyarsa za ta buɗe, alhali kuwa a ƙarƙashin sunayen akwai aƙida daban. Su a wurinsu, kuskuren Annabi Adamu (A.S.) ya zama zunubin gado da kowane jariri ke zuwa duniya da shi, ba ya kuma kankaruwa sai ta hanyar mutuwar Almasihu a kan gicciye. Mu kuwa Alƙur'ani ya karantar da mu a Suratul Baƙara cewa Adamu ya tuba, Ubangijinsa Ya karɓi tubarsa, ya kuma nanata a surori da dama cewa ba wani rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Su suna cewa Allah ɗaya ne cikin uku, Isa kuma ɗanSa ne. Mu mun yi imani Isa ɗan Maryamu bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba uba da ikon Allah, ya yi magana a cikin zanen goyo, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne Ya ɗauke shi zuwa gare Shi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. A littafinsu akwai labaran da ke jingina wa wasu annabawa, irin su Nuhu da Dawuda, manyan laifuffukan da mu muka yi imani Allah Ya tsare annabawanSa daga gare su. Babba mai ilmi yana iya jin wannan duka ya tace. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da rariya. Abin da aka fara ba shi labari da hoto mai launi, shi ke zama asali a ƙwaƙwalwarsa, abin da ya zo daga baya ya zama gyara.

Duk da haka, a ganinmu, darasin aji ba shi ne mafi ƙarfi ba. Mafi ƙarfi shi ne abin da ke kewaye da shi. Ku dubi yadda ake cika wa yaro lokacinsa: taron safe da jawabin shugaba, ƙungiyar mawaƙa, wasan kwaikwayo, ƙwallon ƙafa da gasar aji da aji, ɗakin karatu inda yaro zai ari littafi ya kai gida, kasuwar baje-koli ta shekara-shekara wadda muke ce wa karmes, ziyarar marayu da marasa lafiya, fita yawon buɗe ido, zangon hutu, da bukin ƙarshen shekara inda ake kiran sunan yaro a gaban iyayensa a miƙa masa kyauta ana tafi. Mafi yawan abubuwan nan ba haramun ba ne a kan kansu, wasunsu ma Musulunci ne ya fi cancanta da su. Amma a nan ne yaro ke samun abokai, a nan ake yaba masa, a nan ake ba shi shugabancin ƴan'uwansa, a nan yake jin yana da daraja. Ɗan Adam kuwa an halicce shi da son wanda ya kyautata masa. Yaron da duk lokutan farin cikinsa suka haɗu da wuri guda, duk lokutan tsoro da bulala suka haɗu da wani wurin, ko bai canza addini ba, zai tashi da wani irin sanyi game da addininsa. Wannan sanyin muka fi gani fiye da ridda: saurayi mai ladabi, mai takardu, sunansa Muhammadu, amma salla sai ran Idi, in an yi maganar Musulunci sai ya ji kamar maganar ƙauye ake yi.

To, mene ne hukunci? Malaman mazhabarmu sun ruwaito cewa Imamu Malik (R.A.) ya karhanta Musulmi ya jefa ɗansa a makarantar Nasara, dalili kuwa a fili yake, tsoron abin da zai shiga zuciyar yaro. A ɗaya gefen, malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin Ƙuraishawa waɗanda suka iya rubutu kuma ba su da abin fansa, an sanya fansar kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu. Mushirikai ne fa, kuma jiya-jiya suka ɗaga takobi a kan Musulmi. Haka nan Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa. Babu karo tsakanin waɗannan. Koyon lissafi da rubutu da harshe da likitanci daga wanda ba Musulmi ba halas ne. Amma ku lura da inda aka yi karatun Badar: a cikin Madina aka yi shi, a gaban idon iyaye, abin da za a koyar an iyakance shi, yaro kuma in ya tashi masallacin Annabi zai koma. Fasaha aka karɓa, ba a miƙa tarbiyya ba.

Saboda haka muke cewa, wanda yake da halin samun makarantar Musulmi mai inganci, to ita ce ta fi, ba ja. Wanda bai samu ba, ya kai ɗansa makarantar mishan, to nauyi ya ninku a kansa. Wajibi ne ya je da ƙafarsa ya zauna da shugaban makaranta, cikin ladabi da sakin fuska, ya tambaya: shin darasin addininku dole ne ga ɗana? Shin za a sa shi addu'arku ko alamar gicciye? Me ake rerawa a taron safe? Ina zai yi Azahar in lokaci ya riske shi a nan? Ran Juma'a fa? Ɗiyata in ta balaga za ta rufe kanta? In an ba shi amsar da ta kwantar masa da rai, sai ya ci gaba da sa ido. In kuwa aka ce sai yaro ya shiga ibadarsu, ko ya rera kalmomin da ke sanya wa Allah ɗa, ko ya fito a wasa a matsayin wani Annabi, to ba ya halatta uba ya yarda, ko da makarantar ita ce ta ɗaya a jarrabawar ƙasa. Kuma a sani ɗan firamare ba daidai yake da ɗan lise wanda ya riga ya san aƙidarsa ba, haka nan mai kwana gida ba daidai yake da wanda aka kai makarantar kwana ba, inda uba ba ya ganinsa sai hutu.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) ya bayyana cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke juya shi zuwa wani addini. Ku lura, iyaye aka ambata. Suratut Tahrimi, aya ta 6, mu ta umarta da mu tsare kawunanmu da iyalanmu daga wuta. Ran ƙiyama ba shugaban makaranta za a fara tambaya game da ɗanka ba.

A nan ya zama dole mu tuna wani abin baƙin ciki. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan wata jaridar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (S.A.W.), tarzoma ta tashi a Damagaram sannan a Yamai. An rasa rayuka 10, an ƙone coci-coci da dama, kuma a cikin abin da hukumar ƴan sanda ta lissafa a Yamai har da gidan marayu da makarantar Kirista. Fushi saboda Annabi ibada ne, amma wanda ya yi zane yana Faransa, wanda aka ƙone wa aji maƙwabcinmu ne, yaran da ke zama a kan kujerun ajin kuwa da yawansu namu ne. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta halatta mana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Suratul Hajji, aya ta 40, ta ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin abin da Allah ke kare wa daga rushewa. Sahabbai da aka tsananta musu a Makka, wurin sarkin Habasha Kirista suka sami mafaka, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (R.A.) ya karanta masa farkon Suratu Maryam har ya zubar da hawaye. Hujja ya kai masa, bai kai masa wuta ba. Duk wanda zai fahimci wannan rubutu namu a matsayin izinin taɓa wata makaranta ko zagin wani malami, to mun barranta daga gare shi. Ashana ba ta koya wa yaro ma'anar Ƙulhuwallahu.

Yanzu bari mu juyo kan kanmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, masallatai suka cika unguwanni, daga Bukoki zuwa Talaje, daga Yantala zuwa Harobanda. Alhamdu lillahi. Amma a titi guda sai ka ƙirga masallaci uku, kowanne da lasifika da fanka da darduma mai laushi, ba ko ɗaya da ke da ɗakin da yaro zai zauna ya buɗe littafi. Yaro in ya shigo masallaci, gaisuwar farko da yake samu ita ce tsawa: "Ku tashi ku ba manya wuri!" In ya yi dariya a kore shi. In ya je makarantar dare, ga malami guda da yara fiye da ƙarfinsa, ga bulala, ga kuɗin Laraba da ba ya isar malamin cefanen yini. Muna biyan lakwal jaka bisa jaka ba mu yi ƙorafi ba, malamin Alƙur'ani kuwa sai ya yi ta aike kafin a ba shi ɗan abin da aka yi alkawari. Yaro yana ganin wannan, yana kuma gane wanne ne mai daraja a wurin ubansa. Sa'an nan in ya girma ya koma fada yana dafa shayi har tsakar dare, mu ce ƴaƴan zamani sun lalace.

Ba haka Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da yara ba. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Yakan gajarta salla in ya ji kukan jariri, domin tausayin uwarsa. Ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umairu labarin ɗan tsuntsunsa. Ya bar Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallacinsa ran Idi, Nana A'isha (R.A.) tana kallo. An ruwaito Sayyidina Umar (R.A.) ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ga kogi a gabanmu, wace ƙungiya tamu ce ta taɓa tunanin koya wa yara iyo?

Magabatanmu ma ba su yi sakaci ba. Risalar da muke karantawa a zaurukanmu, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, domin yara ya wallafa ta, bisa roƙon wani malamin yara, ya kuma fara ta da babin aƙida kafin ya shiga tsarki da salla. Mu mun mayar da ita littafin masu furfura. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru, ta naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin Hausa da Fulatanci, domin ta san abin da aka fahimta da harshen uwa, aka kuma rera shi, ba ya fita. Dabarar da ta kama ɗiyar bawan Allahn nan a wurin wanke kwanoni, tamu ce tun da daɗewa.

Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Kowane kwamitin masallacin Juma'a ya ware ɗaki guda da malami guda mai albashi tsayayye, wanda ya iya zama da yara, a riƙa karatu ran Asabar da Lahadi, a fassara gajerun surori da Hausa da Zabarmanci, a ba da tarihin annabawa ɗaya bayan ɗaya yadda Alƙur'ani ya kawo shi. In watan Disamba ya gabato, a karantar da Suratu Maryam da ma'anarta, domin yaronmu ya san Annabi Isa namu ne, ya san labarin haihuwarsa daga Littafinsa kafin ya ji shi a wani wuri, ya iya amsa wa abokinsa Kirista da ilmi ba da zagi ba. Dogon hutu, daga Yuli zuwa Satumba, wata uku ne cur da muke barin yara ga titi da talabijin da wayar hannu. A shirya musu gasar karatu da ta ƙwallo, a kai su gaida marasa lafiya a asibiti, a kai su gidan tarihi na Bubu Hama, a kai su Sayi su ga jami'a da garin malamai. Ɗalibanmu na Jami'ar Abdu Mumuni, masu lissafi da kimiyya, su ba da sa'a biyu a mako su yi wa ƙannensu bitar darasi a harabar masallaci. A yi bukin ƙarshen shekara, a kira sunan yaro a gaban jama'a, liman da kansa ya miƙa masa kyauta. Attajiran da Allah Ya hore wa, masu zuwa Umra kowace shekara, su tambayi malamai tsakanin nafilar da amfaninta ya tsaya a kansu da gina aji mai ƙofa da biyan malami, wanne ya fi lada. Masu makarantun faranko-arab masu zaman kansu kuma su ji tsoron Allah: sunan Musulunci a kan allon ƙofa ba ya maye gurbin malami mai zuwa kan lokaci.

Shi kuwa bawan Allahn da muka fara da labarinsa, shawarar da muka ba shi ita ce kada ya doki yarinya, kada ya yi mata tsawa, domin ba ta yi laifi ba, ya kuma je makarantar da kansa. Ya je, shugabar ta karɓe shi da mutunci, ta cire ɗiyarsa daga wasan ba tare da wata gardama ba, ta ce masa iyaye Musulmi kaɗan ne suka taɓa zuwa mata da irin wannan tambaya. Daga nan ya ɗauki al'adar zama da ƴaƴansa bayan Magariba na ɗan lokaci kafin a kawo tuwo. Da Suratul Ikhlasi suka fara, aya huɗu, dare huɗu. A dare na biyu sai ga shi ya dawo wurinmu yana murmushin kunya, ya ce yarinya ta tambaye shi ma'anar kalmar Assamadu, shi kuwa shekara arba'in yana karanta ta a salla bai taɓa tambaya ba. Muka buɗe tafsiri muka zauna tare.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su masu tsai da salla, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Amin.